Ƙyauren Inna Hajo

Har yau ban manta da ranar da aka cire ƙyauren Inna Hajo a kan idona ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Ku da kuke koyon aikin tafinta, ku saurara.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba. Ni ne tafintan wani Bature Bagirke mai sayen fatu a Jega. Ɗan Tsibiri muke kiransa, don ba shi da zance sai na tsibirin da aka haife shi. In kaka ta wuce mukan fita rangadi, mu kwana a Aliero, mu gangara Maiyama, mu zago ta ƙauyuka. Tafinta ke wucewa gaba ya gaida mai gari, ya nemi masauki, ya tara mahauta. Heluma kuwa, wato shugaban ƴan dako, shi ke kula da kaya.

Ina son tafiya da mutumin nan. A kan doki yakan ba ni labarin yadda ya zaga tsibirinsu da jaki yana saurayi: ƙauyuka masu fararen ɗakuna a kan tudu, itatuwan zaitun, da rusassun gine-ginen mutanen da. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbinmu ba, sai in yi ta mafarkin teku. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wata budurwa da aka sassaƙa da farin dutse. Ya ce baƙi suka zo da jirgin ruwa suka ɗauke ta, kakarsa ta mutu tana tsine musu. In ya kawo nan idonsa kan yi ja. Nawa ma haka.

Da yake yana son ganin kufai, a wani rangadi muka ratse wani tsohon gari da aka watse a bayan Kuberi. Ya zaga zubabbiyar ganuwa, ya leƙa ramukan marina, sannan ƙishirwa ta kai mu wata ƴar tunga kusa da wurin. Wata tsohuwa, Inna Hajo, ta dama mana fura. Yana sha ya hango ƙyauren ɗakinta: baƙin itace mai nauyi, an sassaƙa tsuntsaye biyu suna fuskantar juna. Ta ce marigayi mijinta ya sassaƙa mata shi shekarar aurensu. Ranar da yaƙi ya watsa garin, tukwanenta ta bari ta ɗauko shi a ka.

Ɗan Tsibiri ya yaba, ya shafa, ya sake yabawa. Kun san al'adarmu: in baƙo ya dage da yabon abinka, kunya kan sa ka ce nasa ne, shi kuma ya yi godiya ya bar maka kayanka. Inna Hajo ta sunkuyar da kai ta ce, “Naka na, baƙona.”

Na fassara masa, na kuma bayyana cewa wannan girmamawa ce kawai, ba a ɗauka. Ya tambaya ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Na ce ta faɗa. Sai ya umarci Heluma ya kawo mutum biyu. Heluma ya matso ya raɗa mini, “Malam Tafinta, don Allah ka ƙara gwada mai.” Na tuna wa Bagirken da budurwar dutse da kakarsa. Ya dube ni kamar na zage shi.

“Waccan tarihi ce,” in ji shi. “Wannan itace ne.”

Na durƙusa gaban tsohuwar na roƙe ta ta ce ta fasa. Ta girgiza kai. “Ɗana, in ba baƙo abu da bakina, in komo in amshe? Mi za a ce da ni?” Ita da kanta ta nuna musu inda za su ɗaga. Ya ajiye mata madubi, ba ta ko dube shi ba. Muna barin tungar na waiwaya, na gan ta tana rataya tsohuwar tabarma a bakin ɗakin.

Duk hanya ina rarrashin zuciyata da cewa ai ƙyauren zai haye teku, ya tsaya a ɗaya daga cikin fararen ɗakunan nan. Ina! Da muka iso Jega ya ce ya yi nauyi. Aka kwantar da shi a tsakar sito ana kankare fatu a kansa. Na nemi ya bari in mayar, kullum sai ya ce gobe, har wuƙa ta cinye tsuntsayen.

Da rangadi ya zagayo, Inna Hajo ta tambaye ni ko mutanen ƙasarsa sun ji daɗin aikin mijinta. Heluma ne ya ce, “Inna, kullum ana kansa.” Ta yi murmushi ta sa mana albarka.

Abin da na koya ke nan: tafinta ba magana kawai yake ɗauka ba, har da kunyar mutanensa, kuma ba kowane hannu ake miƙa wa ita ba. Na yi shekaru ina aikin nan bayan haka, na ji an ce “naka ne” ba iyaka. Kowane lokaci nakan juya in ce wa Bature, “Sun ce sun gode da yabo.”