Layin Gaisuwa

Da na gama ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta kai ni wani ƙaramin gidan rediyon al'umma kusa da Panshekara, ta ce musu ina da haƙuri, kuma ba na ɗaga murya. Aikin sa kai ne. Duk Lahadi da la'asar nakan bar wa babbar 'yata girki, in je in zauna gaban waya lokacin shirin ma'aikatan kamfani.

Layi biyu ne. Na ƙorafi yana hannuna: sai na ji abin da mutum zai faɗa, na ja masa kunne a kan zagi da ambaton sunan kamfani, sannan in miƙa shi ga mai gabatarwa da ke bayan gilashi. Na gaisuwa kuwa kai tsaye yake shiga, ba ya bi ta kan kowa. Haka kwamitin gidan ya tsara. Shugabansa, wani tsohon malamin makaranta, yakan ce, "Gaisuwar ma sai an tace ta? To mu rufe gidan mana."

Wata Lahadi wani mutum ya kira layina, Hausarsa irin ta mutanen Filato. A kamfanin jimar fata yake aiki a Challawa. Ya ce an daina ba su safar hannu, ruwan sinadari yana cin yatsunsu, wanda ya yi magana kuma a ce gobe kada ya zo.

"Mama, yarana suna makaranta. In aka gane ni, aikina ya tafi."

Na ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Kada ka faɗi sunanka, kada ka faɗi unguwarku. In ka gama kuma kada ka gaida kowa."

Ya yi 'yar dariya. "Har madam?"

"Madam ka gaishe ta a gida."

Ya yi maganarsa tsaf, babu zagi, babu suna. Mai gabatarwa ya kira shi wani bawan Allah, ya yi masa godiya. Har na fara jin daɗi a raina.

Sai layin gaisuwa ya yi ƙara. Wani dattijo ne mai shayi a bakin titin kamfanoni, shugaban ƙungiyar masu sauraro ta unguwarsu, wanda sati ba ya wucewa bai kira ba. Muryarsa cike da murna.

"Salamu alaikum, gidan albarka! Kai, yau na ji daɗi. Wannan da ya gama magana ai maƙwabcina ne, katangarmu ɗaya!" Ya faɗi sunan mutumin, ya haɗa da na mahaifinsa. "Yana sashen jiƙa fata. Ina gaishe shi, ina gaida maiɗakinsa mai ɗinki, Allah ya raya yara. Namiji ke nan, ya faɗi gaskiya!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa buga ko ƙofa da ƙarfi ba, sai ga ni ina dukan gilashi da tafin hannu. Mai gabatarwa ya saki baki yana kallona, kuma don sabo na ji ya ce, "Madalla, Baba, sun ji." Sannan ya katse layin. Na koma na zauna ina salati. Babu ɗakin mai gadin da ba a kunna shirin nan, tun daga Challawa har Sharaɗa.

Washegari aka tare mutumin a bakin ƙofar kamfaninsu, aka ce ya koma gida. Leburan kullum ne, ko takardar sallama ba a ba shi ba.

Kwamiti ya zauna a kan lamarin. Da aka ba ni dama na ce, a hankali, a bar layin gaisuwa shi ma ya riƙa bi ta hannun mutum.

Shugaba ya ce, "Malama, yau mu tace gaisuwa, gobe me za mu tace? Bakin jama'a ne fa."

Wani ɗan kwamitin ya ce ai ƙorafin ne ya jawo fitina. Ina zaune ina kallo hannuwa suka tashi, aka dakatar da ƙorafi a kan kamfanoni har sai abin da hali ya yi, aka bar gaisuwa yadda take. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wani ya ce wasa ake yi.

Bayan 'yan makonni na tambayi gidan mutumin na je. Na tarar ana loda kayansu a a-kori-kura. Ya nemi aiki a Sharaɗa da Bompai, ko'ina an riga an ji sunansa. Dattijon mai shayi yana kan motar yana taya ɗaure katifa, idanunsa jajur, yana ta cewa, "Ni da na yabe shi? Wallahi yabonsa na yi." Matar mutumin tana riƙe da kan keken ɗinkinta, ba ta dubi dattijon ba.

Mutumin ya gane muryata da na yi sallama. Ya ce gonar yayansa za su koma kafin damina, babbar 'yarsa kuma ba za ta samu zana jarrabawar bana ba.

Na taya matar hawa gaban mota, na miƙa mata ƙaramin yaron.