Rabin Ƙwayar Babanmu

Babanmu kafinta ne. Shekara talatin ya yi yana haɗa ƙofofi da gadaje a wata rumfa da ke bayan gidanmu. Mutum ne mai barkwanci. Ko kujera aka kawo masa ta karye, sai ya ce gajiya ta yi, a bar ta ta huta tukuna.

Mamarmu ta fara shan ƙwayar kashe zafi ne bayan an yi mata aiki a baya. Ciwon ya warke, ƙwayar ta ƙi sakinta. Daga ɗaya a rana ta koma huɗu, har muka daina ƙirgawa. Ta rame, ta bar girki, ana cikin hira sai barci ya kwashe ta a zaune. In maƙwabta suka tambaya, Baba ya ce bayan ne ya tashi. Sau uku ana kwantar da ita a asibiti, kuma kowane zuwa sai wani abu ya bar rumfar: injin yankan katako, babur ɗinsa, har katakon da ya tara.

Shi kuma yana da hawan jini. Wata rana na kai masa abinci, na tarar yana raba ƙwayar maganinsa biyu da reza a kan bencin aiki.

"Baba, me kake yi haka?"

"Ni ƙaramin mutum ne, rabi ya ishe ni," ya ce yana dariya. "Kada ki gaya wa mamarku."

Na taya shi dariya, ban gaya wa kowa ba. A lokacin ina koyarwa, ina da albashina. Da na tambayi kuɗin maganin, da na iya saya masa. Ban tambaya ba.

Bayan wata bakwai ya yanke jiki ya faɗi da hantsi, guduma a hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta sarƙe.

Mama ta koma asibiti da ƙafarta, ta sha wuya, amma yau shekara biyu ba ta taɓa ƙwayar ba. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki.

Kwanan baya tana matsa masa yatsu ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba: "Kin san a lokacin ba ya shan maganinsa daidai?"

Na ce na sani. Ta kama ɗan yatsa na gaba.