Bel Ɗin Motar Malam Bitrus

Wata Laraba ce cikin kakar 1996, ana gobe kasuwar Maigatari, da hantsi aka fito da ni da ƙanena Nafi'u ƙofar gidanmu a Gagarawa za a sa mu a mota. Ina aji biyar, shi kuma shekararsa bakwai. Kunnensa na dama ya kwana huɗu yana fitar da ruwa, an ɗiga masa man shanu mai ɗumi, an toshe da auduga, bai daina kuka ba. Babanmu yana gona ana ɗaurin dammunan gero, mahaifiyarmu tana jego, don haka kakarmu Iya ta ce ni zan riƙe shi har Gumel, inda gwaggonmu za ta kai shi asibiti. Wanda zai kai mu maƙwabcinmu ne, Malam Bitrus, malamin gona, mutumin Filato da aiki ya kawo garinmu shi da matarsa. Yana da wata ƙaramar mota mai ruwan toka, 'yar Kwatano, wadda yake wankewa da kansa kowace Asabar.

Kafin ranar, motar haya kaɗai na sani, irin wadda ake cusa mutane da buhuna da kaji har ƙofa ta ƙi rufuwa. A cikinta yaro ba shi da wurin zama sai cinyar babba. Sauran motocin da na sani na kara ne, waɗanda Nafi'u ke ƙerawa a bayan rumbu, ya yi musu taya da fasasshiyar ƙwarya yana ja da zare. Ni kuwa aikina a gida shi ne ɗebo ruwa, tsinkar gyaɗa, da ɗaure awaki a turke in sun dawo kiwo. Tun a lokacin ba ni da natsuwa. Sai in ɗaure akuya, in tafi wasan carafke, in baro duwatsun a tsakiyar wasa in koma in ja igiyar in gani ko ta kama. A gidanmu dai abin da ake ɗaurewa sananne ne: akuya, dami, sai ɓarawo in an kama shi.

Shi ya sa Iya ta ɓata rai da ta ga abin da Malam Bitrus yake yi. Ya zaunar da mu a baya, ya jawo wata baƙar ɗamara daga jikin motar, wadda ya ce sunanta bel, ya ratsa bel ɗin ta ƙirjina ya danna. Da ya zo kan Nafi'u sai bel ɗin ya hau masa wuya, saboda yaron gajere ne. Ya koma gida ya ɗauko bargo, ya ninka shi huɗu, ya ɗora Nafi'u a kai har bel ɗin ya sauka a kafaɗarsa. Ya ce, "Talatu, duba nan. Ta kafaɗa zai bi, ba ta wuya ba. Kada a taɓa sai mun tsaya." Iya ta ce, "Malam, ɗan mutum ne fa, ba ɗan akuya ba." Ya yi dariya ya ce, "Iya, ai ni ma yanzu zan ɗaure kaina." Yaran unguwa sun kewaye mu, wani yana leƙe yana cewa, "Nafi'u, me ka sata?" Da motar ta tashi, Iya ta sunkuyo ta taga ta ce da ni a hankali, "In kin ga ya shaƙe shi, ki kwance min jika."

Haka na bar gida da umarni biyu daga manya biyu, kowanne ya saɓa wa ɗaya. Hanya tana da gargada. Ba mu yi nisa ba bargon ya fara zamewa gaba, Nafi'u yana nutsewa, bel ɗin ya koma wuyansa, a ƙarƙashin kunnen nan mai ciwo. Ya ce, "Yaya, yana ci na." Abin da ya kamata in yi ƙarami ne: in ce Malam, a tsaya a gyara. Amma an koya mana yarinya ba ta katse babba, balle yana tuƙi. Na yi ta juya abin a raina, har na samo dabarar da na ga ba ta saɓa wa kowa ba. Ban kwance shi ba. Na dai ɗaga na ƙirjin na tura shi bayansa, na bar na ƙugun a ɗaure. Nafi'u ya yi shiru, ni kuma na ji daɗin kaina.

Muna gab da Gumel wani garken shanu da ake korawa kasuwa ya ɓullo daga cikin karan dawa. Malam Bitrus ya taka burki da ƙarfi. Ni bel ya riƙe ni, ƙirjina kawai ya yi zafi. Nafi'u kuwa ya ninke biyu, goshinsa ya daki ƙarfen kujerar gaba. Bai yi kuka nan take ba, kuma wannan shirun nasa har yau ina jin sa. Malam Bitrus ya fito ya buɗe ƙofar, ya tsaya yana kallon bel ɗin da ke bayan yaron. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ya cire rigarsa ya danne goshin, ya ce in riƙe da hannu biyu.

A asibiti aka ɗinke masa gira, aka wanke kunnen, aka riƙe shi kwana biyu saboda cikinsa da bel ya matsa. Da muka koma gida, magana ta riga mu isa: ɗaurin nan ne ya ja. Malam Bitrus ya zo ya tsuguna a gaban Iya, ina raɓe a bayan turmi, ya ce, "Iya, laifina ne. Ni ne babba a motar, ni ya kamata in duba." Iya ta kawar da kai. Ta yi makonni ba ta amsa gaisuwarsa, ta kuma hana mu kai wa matarsa ƙanzo da kuɓewa kamar yadda aka saba. Sau da yawa na je har bakin zaurensa da niyyar in yi magana, in ji motsinsa a ciki, in juyo. Iya ma na kasa gaya mata. Kafin wata damina aka canza masa wurin aiki, suka kwashe kaya ina makaranta.

Yanzu ina aure a Gumel, karatuna bai wuce firamare ba, amma a motar maigidana babu yaron da ke zama a gaba. Na sa an kawo mini daga Kano irin ƙaramar kujerar nan da ake ɗorawa a kan ta mota, ta ɗaga yaro ba tare da ta zame ba. 'Yata mai shekara takwas a kai take zama. Dangi suna dariya wai ta yi girma, ni kuwa ba shekaru nake dubawa ba, inda bel ya sauka nake dubawa, sau biyu, wani lokaci sau uku. Na kuma gaya wa yarana, ko Babansu ne ke tuƙi, in abu ya dame su su faɗa a tsaya. Nafi'u ya girma da tabo a gira. Da na ba shi labari ya ce shi shanun kawai yake tunawa. Iya ta rasu ba ta san gaskiyar abin ba. Malam Bitrus kuwa ban san garin da yake ba, ban ma san ko yana raye ba. Ya rufa mini asiri ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma ko sannu ban ce masa ba.