Tarin tsohon iyakwandishan

Shekarun baya, lokacin ina ganin duk gidanmu babu mai dabara kamata, na yi wa mahaifiyata wata gwaninta da har yau ƙannena suke tsokanata da ita.

A ɗakinta a nan Daura akwai wani tsohon iyakwandishan, irin mai akwatin nan da ake fasa bango a cusa. Marigayi mahaifinmu ne ya sa shi tun ina firamare. In an kawo wuta sai ya yi tari sau biyu, ya yi jim, sannan ya kama ruri kamar injin niƙa. Sanyi kuwa sai dai ka sa a ranka. Ga Hajiya da hawan jini, ga bazara ta kankama, likita ya ce lallai a raba ta da zafi.

Na ɗauko mai gyara, wani Ibo mai shagon kayan wuta wanda ya fi ni iya zolaya da Hausa. Ya kwance, ya leƙa, ya zaro gidan zanzaro har biyu, ya ce, "Alhaji, wannan ba gyara yake so ba, addu'a yake so. Ka sayi sabo."

Hajiya daga kan darduma ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ku bar min abina."

Na ce to, amma a raina na ce rigimar tsufa ce. Ranar da ta tafi suna Mai'adua na sa aka cire shi, aka toshe bangon, aka kafa sabo fil mai rimot. Tsohon kuwa na kira mai sayen gwangwan ya kwashe. Da ta dawo da la'asar na tsaya a bakin ƙofa, har da gyara hula, ina jiran ruwan albarka. Ta dubi bangon ta daɗe. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Shi ke nan fa!

Kwana uku ɗaki na zuba sanyi, Hajiya na tsakar gida a kan tabarma tana fifita. Tuwo ma sai ta taɓa ta ture. Aka gwada jini, ya ƙara hawa. Raina ya ɓaci, na durƙusa na ce, "Hajiya, don Allah laifin me na yi?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Babanku bai taɓa shigowa gidan nan bai yi gyaran murya sau biyu a zaure ba. Tun da ya rasu, in an kawo wuta abin nan ya yi tarinsa, sai in ji kamar daga masallaci ya dawo. Yanzu ɗakin ya yi shiru."

Wallahi kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni.

Na hau babur sai wurin 'yan gwangwan. Na sami tsohon iyakwandishan ɗin a ƙarƙashin tulin tsofaffin tukwane, saura ƙiris guduma ta hau kansa. Mutumin ya ce, "Malam, ba kai ka ce in raba ka da shara ba?" Na ce ni ɗin ne, sharar nake roƙo.

Da na dawo da shi gida, mai gyara ya tambaye ni, "Sanyi kake so ya yi?" Na ce a'a, tarin kawai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da yake aikin nan ba a taɓa kiransa ya dawo da tari ba. Haka muka sake fasa bangon da simintinsa bai gama bushewa ba.

Da aka kawo wuta, sabon ya saki sanyi, tsohon ya yi tarinsa sau biyu. Hajiya na jan carbi, sai na ji ta ce a hankali, "Sannu da zuwa."

Daga ranar na daina zubar da kayan tsofaffi ban tambaya ba, ko da gwangwanin madara ne. Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu duka. Iyakwandishan ɗin yana nan a bangonsa. In ina ɗakin ya yi tarin nan, ni da furfurata, sai in tsinci kaina ina gyara zama.