Binne a Dutsen Ifran

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ni da yayana, ko koko ba mu tsaya sha ba. Maroko muka nufa, inda ɗansa yake aiki, don a cire wa Yaya yanar ido. Kafin mu isa Yamai mun sauka a shingayen sojoji har na gaji: a fito da katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, a duba fuska, a koma mota. Duk hanyar Yaya a murtuke yake.

Na san abin da ke cinsa. Ruwa ya ɗauke a ƙauyenmu na wajen Korgom gero yana fitar da kai, ya ƙone a tsaye. Dami ɗaya ya rage a rumbu, na iri, wanda muka gada daga mahaifinmu. Ranar tahowarmu, a gabana ya ce wa matarsa ta sussuke shi a yi wa yara tuwo, shi da noma sun yi hannun riga. Da na sa baki, ya ce mai sayar da kayan babur a gari irina ba zai koya masa fari ba.

Jirgin sama ya sauke mu a Kazablanka, na ƙasa ya kai mu Fas. Aikin ido ya yi kyau. Da aka kwance bandeji, ɗan ya ce tukwicin sabon ido shi ne a hau Ifran, garin kan dutse inda ake zuwa wasan zamiya, Baba ya ga dusar ƙanƙara. Ni da na yi muku, ku abokaina na gari, alkawarin hoto ina tsaye cikin fari fat, na sayi hula da safar hannu, tsadarsu kuwa ba a magana.

Taksi ta yi ta murɗawa da mu har kaina ya juya. Muka isa, babu ƙanƙara. Sanyi dai akwai, mai shiga ƙashi, amma dutse tsirara yake, ciyawa ta yi ja. Ashe su ma fari suke fama da shi, har roƙon ruwa an yi a masallatai. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai dai mutanen ba su zauna zugum ba. Iyalai sun hauro da gawayi suna gasa nama a gindin dogayen itatuwa, birai na wafce musu burodi. Muka sha miyar wake mai zafi da man zaitun, muka bi da shayin na'ana'a. Can cikin inuwar wani kwari an sami ragowar ƙanƙara, ba ta fi ƴar tabarma ba, duk ta yi datti, amma yara sun yi layi suna sulalewa a kan leda suna ihu. Ni ma na hau. Girma ya faɗi, na tashi da jiƙaƙƙen wando. Ranar na fara jin dariyar Yaya tun kaka.

A bakin hanya akwai wani dattijo mai ba da hayar katakan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya. Babu mai haya ko ɗaya, amma ya jera su yana goga musu kakin zuma. Yaya ya daɗe yana kallonsa.

"Tambayam mini shi," in ji Yaya, "wahalar mi shike ba kanshi, ga sama wasai?"

Na tambaya da Faransanci. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ce, "In ƙanƙarar ta sauko kafin gobe fa? Ba ta jiran mutum ya shirya."

Na fassara. Yaya ya ce, "Ashe binne shike yi." Ya san ta sarai, shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba, a bar wa Allah sauran. Ya juya wajen ɗansa: "Kira mini gida, maza."

Aka yi ta kira waya ba ta shiga ba, don a ƙauyenmu sai an hau tudu ake samun rezo, wato layin waya. Har muka baro ƙasar haka aka yi ta yi.

Hanyar dawowa ta yi mana tsawo. Daga Tasawa muka hau kabu-kabu, kuma ko ruwan sannu da zuwa Yaya bai karɓa ba ya leƙa rumbu. Wayam. Ya sulale ya zauna a ƙasa. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Sai ga matarsa ta fito daga ɗaki rungume da tulu, an liƙe bakinsa da laka.

"Na sussuke, kamar yadda ka ce," in ji ta. "Dakawa ce ban yi ba. Yau na hwara jin ka rantse ka bar noma?"

Ban kawo muku hoton ƙanƙara ba, ku yi haƙuri. Na dai gano cewa jira ma aiki ne, kuma ba ya hana mutum gasa nama da dariya. Yaya ya fasa lakar, ya damƙi geron da tokar da aka cakuɗa shi da ita, ya kai kusa da sabon idonsa. Bai ko ɗago ba ya ce, in na koma gari in aiko masa da ƙotar sungumi.