Ɗanladi da Zarton Illo

Kowace safiya Ɗanladi bakanike yakan shimfiɗa farin ƙyalle a rumfarsa ta bakin tashar Madarumfa. Wanda ya kawo masa zarton inji, ba ya fara tambayarsa komai. Sai ya shinshina isansin tanki, wato fetur, ya murza garin katakon da ya maƙale a matatar iska, sannan ya saurari mai inji da rabin kunne. Bana ya naɗe ƙyallen, don idonsa ya daina ganin allurar karburata.

A ranin 1994 aka sare gawo uku a gonar Dije, tsohuwar da ke ciyar da awakinta da 'ya'yan gawon. Zarto ɗaya aka sani a unguwar, na maƙwabcinta Illo. Ma'aikatan gandun daji suka ƙwace shi, suka ce gobe za a kai Illo Maraɗi. Illo ya rantse injin ya mutu tun damina.

"Kowa haka yake cewa," in ji Ɗanladi ga ma'aikatan. "Ku kawo in gani."

A gaban shugabansu ya kwance karburata a kan ƙyallen. 'Yar fatar roba mai tura mai ta bushe, ta karye a hannunsa kamar ƙanzo. Tsohon isansi ya daskare ya toshe allura. Garin da ke matata na busasshen dogonyaro ne.

"Ranka ya daɗe, wannan bai tashi ba tun kafin girbi."

Aka saki Illo. Ya zo godiya har da zakara.

"Mai da zakaranka, Illo. Ba da kai na yarda ba, da karburata na yarda."

Bayan sati guda wani ɗan kasuwar katako ya kawo zartonsa, wai yana shaƙewa. Ɗanladi ya murza garin, ya shinshina, ya ji ɗanyen gawo. Ya mai da murfi, ya miƙa masa.

"Alhaji, gyara yana yiwuwa. Amma sai Dije ta zo ta zauna nan tukuna."

Alhajin bai sake bi ta tashar ba.

Malam Ɗanladi, maƙiyin zato, kai ne ka zargi kowa amma ba ka yanke wa kowa hukunci ba sai ka kwance ka gani. Mun gode. Masu gadon rumfarka su riƙe farin ƙyallen nan. Illo yana gidansa, zartonsa kuma na aiki, don kai ka sake haɗa shi.