Shekara Biyu Ina Amsa Sunan Ƙanena

Ni mutumin Bagudo ne, daga wani ƙauye kusa da Zagga. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari. Sunan da nake so ku riƙe shi ne na ƙanena, Sanusi, domin ni na yi ɓarna, shi ta hau kansa. Shekara ɗaya da rabi ce tsakaninmu, kuma mun yi kama sosai, har Inna kan kira ni da sunansa idan na juya baya. Shi ya shiga gareji yana koyon gyaran inji, ni na hau babur ina kabu-kabu. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Idona ne kawai ya fi cikina girma.

Abin ya fara ne da jarka huɗu ta fetur. Wani ya ce in ƙetara masa da su ƙasar Benin ta hanyar daji. Na kai, na dawo, ba abin da ya same ni. Daga nan sai aka fara ba ni babur marar lamba in shigo da shi Najeriya, ban tambayi na wane ne ba, su ma ba su faɗa ba. Kafin shekara ta zagayo ni ke sato baburan da kaina ranar kasuwa, da wani makulli da na goge.

Da masu tsaron iyaka suka san sunana, sai na zare katin shaidar Sanusi daga aljihun rigarsa. Ya yi ta nema, ni ma na taya shi dube-dube har ƙarƙashin gado. Da ya gaji ya je ya yi wani.

Da rana tsaka aka kama ni a kasuwar Segbana, can Benin, ina kan babur ɗin wani mai kifi. Jandarma ya laluba aljihuna, ya ciro katin, ya dubi hoton, ya dube ni. Ya ce, “Kai ne Sanusi?” Na ce ni ne. Wallahi a lokacin har daɗi na ji a raina, wai na yi dabara, sunana ya tsira. Aka dangwala yatsuna a tawada, alƙali ya yanke mini shekara biyu. Kullum safe idan ana ƙirga fursunoni sai a kira sunan ƙanena da na mahaifinmu, in ce na’am. Har yau idan wani ya ƙwala kiran Sanusi a kasuwa, sai in waiga.

A gida an san an ɗaure ni, amma ba wanda ya yi tunanin da wane suna. Da na fito na tuba, na sayar da babur, na kama noman albasa a bakin kogi. Na roƙi gafarar Inna, na roƙi ta mutanen gari. Maganar katin ce kaɗai na binne.

Ana nan sai Sanusi ya samu aikin kula da injuna a wata masana’antar gurzar auduga a can Benin. Aka ba shi katin zama da izinin aiki ba tare da wata matsala ba, don shari’ata tana kwance cikin tsohon littafin kotu, ba mai buɗawa. Ya yi aure, ya haifi mace da namiji, ya rufa wa Inna ɗaki da kwano. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo mini yadi. Ni kuwa ina karɓa, ina addu’a gara ta cinye littafin nan.

Gara ba ta ci ba. Tsofaffin littattafan ma kwashe su aka yi aka zuba a kwamfuta. Wata safiya ina shanya albasa sai ga Sanusi, ba ranar hutu ba, riƙe da takarda da Faransanci. Ya je sabunta katinsa, aka ce ya kawo shaidar rashin laifi daga kotu, kotu kuwa ta ba shi shaidar cewa shi ɓarawon babur ne. An ba shi wata ɗaya ya wanke kansa, in ba haka ba ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar.

Inna ta ce aikin maƙiya ne, a je wurin malam. Ni na sunkuyar da kai ina ta juya albasar da ba ta bukatar juyi. Sanusi ya tsuguna kusa da ni, ya sa yatsa a kan shekarun da aka rubuta, ya ce a hankali, “Yaya, shekarun ga da anka rubuta, ni ina gareji. Kai aka ɗaure can.” Ya ce, “Katina da munka nema tare, ashe yana aljihunka?” Kada ku ɗauka kirki ne ya sa na amsa. Hanyar ƙarya ce ta ƙare mini.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Gobe ka bi shi, ka kai musu yatsunka.”

Washegari muka ƙetara tare. A kotu aka ɗauki yatsuna, aka ɗauki nasa, nawa suka dace da na littafin. Aka ƙara mini wata shida saboda sunan ƙarya, wannan karon da sunana na gaskiya, aka kuma hana ni sake shiga ƙasar. Ban ji zafin wannan ba. Abin da ya ci mini rai shi ne gyaran takardun Sanusi ya ja watanni, injin auduga kuwa ba ya jiran kowa. Kafin katinsa ya fito an ba wani aikinsa. Yanzu injin niƙa yake gyarawa a wata rumfa a bakin hanya, shi wanda masana’anta guda ke jiran hannunsa a da.

Kuma abin bai goge duka ba. Duk sanda zai ƙetara iyaka, da an buga sunansa sai tsohuwar maganar ta fito. A fitar da shi daga layi, ya ciro takardar kotu da yake yawo da ita cikin leda, ya yi ta bayani, iyalinsa na jira a mota. Da sallar da ta wuce matarsa ta gaya wa Inna, ina jin su ta bayan zana, cewa ’yarsu mai shekara shida ta tambaye shi a gaban fasinjoji, “Baba, mi ka sata?” Bai gaya mata ni ne ba. Har yanzu yarinyar nan da gudu take zuwa ta rungume ni.

Don haka, samari, duk wanda ya ce ku ƙetara masa da kayan da ba ku san asalinsu ba, ku ce a’a tun a jarka ta farko. Kurkuku ana fita, amma abin da aka rubuta yana nan yana jiran ranar da za a nemi takarda. In kuma ƙaddara ta sa an kama ku, ku faɗi sunanku. Ni na yi tsammanin suna kawai na ara. Sanusi ya ce ya yafe mini, yana gaishe ni, yana tambayar albasa. Amma tun ranar nan bai sake cire rigarsa ya rataye a ɗakin da nake ba.